Sayen gida mai fili a Ingila: yadda ɗan filin kiwo ke sauya harajin gida gaba ɗaya

Ɗauki gidaje biyu a ƙauye ɗaya a kudancin Ingila, kowanne an sallama shi a kan fam miliyan 2. Na farko gida ne da lambunsa. Na biyu ma gida ne da lambu, sai dai a bayansa akwai wani fili da wani manomi ya daɗe yana haya, yana sakin tumakinsa a ciki. Wanda ya sayi na farko zai biya gwamnati harajin saye fam 153,750. Wanda ya sayi na biyu kuwa, in har hukumar haraji ta yarda cewa filin nan na kiwo ne na gaske, fam 89,500 zai biya. Wato wanda ya samu gida har da ƙarin fili shi ne zai biya ƙasa da ɗan'uwansa da fam 64,250.

Ba kuskuren lissafi ba ne, haka dokar take. Kuma wannan giɓi ne ya sa a 'yan shekarun nan kotunan haraji na Ingila suka cika da ƙararraki a kan bargar dawaki, da ɗan kurmi, da falwayar lantarki, da hanyar da makwabta ke bi su wuce.

Harajin da ake magana a kai shi ne harajin hatimi na filaye, wanda ake taƙaita sunansa da SDLT. Asalin harajin hatimi a Ingila ya koma shekarar 1694, lokacin da aka ƙirƙiro shi don samun kuɗin yaƙi da Faransa, kuma a kan takarda ake biyansa. Na yanzu ya fara aiki ranar 1 ga Disamba 2003, kuma a kan cinikin kansa ake ɗora shi. Mai saye ne ke biya, cikin kwana 14 da kammala ciniki, galibi ta hannun lauyan da ya yi masa aikin takardu. Hukumar haraji ta Birtaniya, wato HMRC, ke karɓa. A Ingila da Ailan ta Arewa kaɗai yake aiki, domin Sikotland ta kafa nata tun 2015, Wels kuma tun 2018, kowa da nasa ma'auni.

Dokar Kuɗi ta 2003 ta tanadi jadawali biyu. Ɗaya na gidajen zama ne. Yadda yake tun daga 1 ga Afrilu 2025, fam 125,000 na farko ba haraji a kansa, daga nan zuwa 250,000 kashi 2 cikin 100, zuwa 925,000 kashi 5, zuwa miliyan 1.5 kashi 10, abin da ya haura haka kashi 12. Hawa-hawa ake lissafawa, kowane yanki na kuɗin da nasa kason. Jadawali na biyu na shaguna ne da ofisoshi da gonaki, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: fam 150,000 na farko kyauta, zuwa 250,000 kashi 2, duk abin da ya wuce haka kashi 5, ko da miliyan nawa ne.

To, in ciniki ɗaya ya haɗa biyun fa, gida da gona? Mai hankali zai ce a raba: a yi wa gida kuɗi, a yi wa gona kuɗi, kowanne a caje shi da jadawalinsa. Dokar ba ta ce haka ba. Cewa ta yi muddin wani ɓangare na abin da aka saya ba na zama ba ne, to duka kuɗin, har da na gidan, da jadawali na biyu za a lissafa. Ba ta kuma faɗi girman da ɓangaren zai kai ba. Fili na fam 20,000 zai iya jan gidan fam miliyan 3 zuwa jadawali mai sauƙi. Babu tsaka-tsaki a nan, ko duka ko babu.

Saboda haka rigimar duk ta tattaru a kan tambaya ɗaya: filin nan na jikin gidan ne, ko wani abu ne daban da aka haɗa aka sayar tare?

Sashe na 116 na dokar ya ce wurin zama shi ne ginin da ake zaune a ciki ko wanda ya dace a zauna a ciki, tare da ƙasar da take lambunsa ko harabarsa, har da duk wani gini da ke kan wannan ƙasa. Shi ke nan. Bai ce eka kaza ba. Bai ce inda haraba ta tsaya ba. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin akwai wani haraji daban, na ribar sayar da kadara, wanda shi ya ambaci rabin hekta, ko abin da ya fi haka in girman gidan na buƙata. Sai mutum ya ji wannan ya ɗauka cewa duk abin da ya haura rabin hekta ya fita daga haraba. A harajin saye babu wannan iyaka ko kaɗan.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta rufe wannan ƙofa a 2022. Ɗaya daga cikin ƙararrakin da ta haɗa ta saurara a kan wani gida ne kusa da garin St Albans, wanda aka saya fam 1,515,000 a 2015, mai eka uku da rabi. A cikin filin akwai wani tsohon sito, da makiyaya mai ciyawa, da hanyar da mahaya dawaki ke da haƙƙin bi. Masu gidan sun fara biyan haraji a matsayin gidan zama, daga baya suka nemi a mayar musu da fam 34,950, suna cewa waɗannan wurare ba haraba ba ne. Hujjar lauyoyinsu ita ce haraba ba ta wuce abin da gida ke buƙata don a ji daɗin zama a cikinsa ba, ragowar kuma wani abu ne daban. Tun daga ƙaramar kotu har zuwa sama ba wadda ta karɓi wannan magana. Alƙalai suka ce majalisa ta san yadda ake rubuta irin wannan iyaka, tunda ta rubuta ta a wata dokar, ba ta kuma rubuta ta a nan ba. Gida zai iya zama da haraba mai faɗin gaske, wadda mai shi ba ya ma taka wani sashe nata daga shekara zuwa shekara, kuma ta ci sunanta haraba.

Wannan batu na rashin amfani ya kamata a tsaya a kansa, don shi ya fi kayar da masu ƙara. Mutum zai ce wa kotu: ga kurmin nan, ƙaya ce ta cika shi, ban taɓa shiga ba, ta yaya zai zama harabar gidana? Wani kamfani mai suna The How Development 1 ya kawo irin wannan hujja a kan wani kurmi da ya sarƙe a gefen babban gidan da ya saya, babbar kotun haraji kuma ta yi watsi da ita a 2023. Kurmin da ba a shiga yana iya yi wa gida aiki ta wata fuskar: yana kare shi daga idon masu wucewa, yana tare ƙarar hanya, yana ƙara masa kwarjini. Wani mai gida kuma ya ce falwayar kamfanin lantarki da wayoyinta da suka ratsa filinsa sun mayar da wurin na kasuwanci. Kotu ta ce a'a, falwaya a cikin haraba take tsaye, ba ta hana wurin zama haraba ba. Haka aka yi da masu kafa hujja da hanyar ƙafa da jama'a ke bi ta gefen filinsu. Samun wani da ke da haƙƙin wucewa ta ƙasarka bai raba ta da gidanka ba.

Akwai dai waɗanda suka yi nasara, kuma in aka dubi nasararsu za a ga inda layin yake. A 2022 wani mai gida a yankin Kent ya ci ƙararsa, domin wani babban sashe na filinsa wani manomi ne ke kiwo a kai kusan shekara 20 a jere, tun kafin a yi maganar sayarwa, wani sashen kuma yana ƙarƙashin yarjejeniya da wata ƙungiyar raya dazuzzuka. Ƙasar tana da aikinta na kanta wanda ba ya rataye da gidan. A 2024 babbar kotun haraji ta tabbatar wa wasu ma'aurata nasara a kan wani filin dawaki, kuma abubuwan da aka duba ƙanana ne ƙwarai in ka ji su: filin na da takardar mallaka daban da ta gidan, ba a hango shi daga cikin gida, shinge ya raba su, wata 'yar ƙofa ce kaɗai ke sada su, kuma ba wani abu da yake yi wa gidan.

A wannan shari'a ta 2024 akwai wani darasi da ya fi nasarar kanta muhimmanci. Ma'auratan sun ba wata mata hayar filin don kiwon dawaki a ranar da aka kammala ciniki, bayan gidan ya zama nasu. Kotu ta ce wannan haya ba ta cikin lissafi. Abin da ake dubawa shi ne yadda ƙasar take a lokacin da ta sauya hannu, tare da tarihinta kafin nan. Da sauran dalilan ba su tsaya da ƙafarsu ba, da hayar ba ta cece su ba. Wannan ya karya wata dabara da aka daɗe ana tallatawa, ta nemo makwabci mai doki ko mai tumaki, a rubuta masa takardar haya ta 'yan kuɗi kaɗan ana gobe ko ranar karɓar makulli, a ce ai fili na kasuwanci ne.

In aka tattara hukunce-hukuncen, za a ga alƙali ba ya rataya hukunci a kan abu ɗaya. Yana duba yadda aka yi amfani da ƙasar a da da yanzu, da nisanta da gidan, da ko shinge ko titi ko rafi ya raba su, da girmanta in aka gwada da girman gidan, da wanda ke da iko da ita a zahiri, da ko akwai wata doka ko yarjejeniya da ta hana mai gida yin yadda ya so da ita. Sannan yana karanta tallar da dillalin gidaje ya buga. Wannan takarda mai sheƙi, wadda mai saye ya gani ya yi sha'awar gidan, ita ce sau da yawa ke zama shaidar da za ta kayar da shi. Dillali ya rubuta cewa gida ne na ƙasaita a tsakiyar eka shida na lambuna da filin dawaki, ga hoton da aka ɗauka daga sama yana nuna komai a dunƙule, ga hoton falo ana hango dawaki ta taga. Bayan wata takwas mai gida ya zo yana cewa filin dawakin ba ruwansa da gidan. Lauyan hukuma ba ya buƙatar dogon jawabi, tallar kawai zai miƙa wa alƙali.

Dawaki ma a nan iri biyu ne. Dokin da 'yar mai gida ke hawa ranar Asabar na cikin jin daɗin gida, barga da filinsa haraba ne. Bargar da ake karɓar dawakin mutane ana kula da su don kuɗi, da littafin shiga da fita da inshora da rasit, wannan sana'a ce. Haka ɗakin da ke saman gareji: in mai gida ne ke zama da kwamfutarsa yana aikin ofis, bai fita daga gida ba. In wani kamfani ne ke haya tun kafin ciniki, da ƙofarsa da mitarsa, magana ta sauya.

Abin mamaki, a gidajen talakawa da masu matsakaicin ƙarfi wannan rigima kusan ba ta da riba. Gidan fam 500,000 harajinsa a jadawalin zama fam 15,000 ne, a ɗaya jadawalin kuma 14,500. Fam 500 ke tsakani, ba za su biya ko awa biyu na lauyan haraji ba. A fam miliyan 1, 43,750 ne da 39,500. Sai an haura nan, inda kashi 10 da kashi 12 ke fara cizo, giɓin ke buɗewa. Shi ya sa a ganina wannan doka a karkace take: sassaucin da aka yi don mai shago da ke kwana a saman shagonsa, da manomin da gidansa ke cikin gonarsa, ya koma hannun masu sayen manyan gidajen karkara.

Amma akwai wani rukuni da abin ya shafa tun daga ƙananan kuɗi, kuma a nan ne maganar ta iso ƙofar mutanenmu da ke zaune a Birtaniya, ko masu sayen gida can daga Abuja ko Kano ko Yamai.

A kan jadawalin gidajen zama akwai ƙari biyu da ake ɗorawa. Na farko na wanda ya riga ya mallaki wani gida ne. An fara shi a Afrilun 2016 da kashi 3, sai ministar kuɗi Rachel Reeves ta ɗaga shi zuwa kashi 5 daga 31 ga Oktoba 2024. A kan duka kuɗin gidan ake ɗora shi, tun daga fam na farko. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, ba a Birtaniya kaɗai ake ƙirga gidajen ba, ko'ina ne a duniya. Likitan da ke haya a Manchester, wanda ya gina gida a Kaduna don iyali ko don ranar komawa, in darajar gidan nan ta kai fam 40,000, to gidan da zai saya a Ingila gida na biyu ne a idon doka. Mata da miji kuma ɗaya ake ɗaukarsu, gidan da ke da sunan uwargida ya shafi maigida. Fulotin da ba a gina ba ba ya shiga lissafi, tunda ba wurin zama ba ne. Gidan gado yana da ɗan sassauci: in kason mutum bai wuce rabi ba, ba a ƙirga shi cikin shekara uku na farko bayan ya gada. Wanda kuma ya sayar da ainihin gidan da yake zaune ya sayi wani a madadinsa, ƙarin ba ya hawa kansa, in ma sabon ya riga saya, zai iya neman a mayar masa da kuɗin idan ya sayar da tsohon cikin shekara uku.

Ƙari na biyu kashi 2 ne, na wanda ba mazaunin Birtaniya ba, tun daga Afrilun 2021. Ba fasfo ake dubawa ba, ba kuma irin bizar da mutum ke riƙe da ita ba. Kwanaki ake ƙirgawa: wanda bai yi kwana 183 a ƙasar ba cikin shekarar da ta gabaci ciniki, baƙo ne a wannan lissafi, ko da fasfon Birtaniya ne a aljihunsa.

Waɗannan ƙari biyu ba sa hawa kan jadawali na biyu. Koma kan gidan fam miliyan 1: ɗan kasuwar da ke zaune a Najeriya, mai gidansa a can, zai biya 43,750, da ƙarin 50,000, da ƙarin 20,000, jimla fam 113,750. In aka karɓi gidan a matsayin mai haɗe da gona, 39,500 ne. A saman jadawali, in aka haɗa komai, kason na kaiwa 19 cikin 100, a ɗaya ɓangaren kuma 5 ne ba ya motsi. Duk wanda aka nuna wa waɗannan alƙaluma biyu gefe da gefe, sai ya fara kallon ɗan filin bayan gida da wani ido.

Akwai kuma wanda abin ke juyewa a kansa. Mai sayen gida karon farko na da rangwame: fam 300,000 na farko ba haraji, daga nan zuwa 500,000 kashi 5, in gidan ya haura 500,000 rangwamen ya faɗi gaba ɗaya. Gidan fam 500,000 zai biya masa 10,000. Amma rangwamen na gidan zama ne zalla. In filin da ke haɗe da gidan na noma ne da gaske, ya koma jadawali na biyu, zai biya 14,500. Ba zaɓi ba ne da mutum zai ɗauki wanda ya fi masa sauƙi, yanayin ƙasar ne ke yanke hukunci. Sannan sharaɗin zama mai saye karon farko ya fi tsauri fiye da yadda ake zato: kada mutum ya taɓa mallakar gida ko wani kaso na gida a ko'ina a duniya, ko ta gado ko ta kyauta. Wanda aka raba gadon mahaifinsa a Zariya ya samu kaso a gidan gado, ya kamata ya faɗa wa lauyansa tun kafin a cike takarda, ba sai hukuma ta tambaya ba.

Wani zai ce to a raba cinikin mana, a sayi gida yau, a sayi fili wata mai zuwa, ko a sa filin da sunan matar gida. Doka ta riga ta hango wannan. In mai sayarwa ɗaya ne, mai saye ɗaya ne ko danginsa na kusa, kuma cinikin biyu cikin shiri ɗaya suke, haɗa su ake yi a lissafa kamar ciniki ɗaya. In filin haraba ne, rabawar ba ta rage komai ba. Inda abin ya bambanta shi ne in fili na wani ne daban, misali manomin da ke makwabtaka ya yanka maka eka biyu daga gonarsa. Wannan ciniki ne mai zaman kansa, na ƙasar noma, kuma in bai haura fam 150,000 ba babu haraji, ko da yake daga fam 40,000 sai an cike takardar sanar da hukuma. In kuma wani yanki na lambun makwabci ka saya, jadawalin zama ne zai hau kansa, amma ba tare da ƙarin kashi 5 ba, tunda ba gida ka saya ba.

Ga masu gudun riba da ke sayen gida ta bankunan Musulunci, inda banki ke fara saye sannan ya sayar wa mutum ko ya ba shi haya yana fansa a hankali, doka ta tanadi cewa sau ɗaya za a biya harajin, ba sau biyu ba. Maganar haraba da gona dai tana nan yadda take, hanyar biyan kuɗi ba ta sauya ta.

Yanzu ga masu neman la'ada. Bayanan cinikin gidaje a Ingila a buɗe suke a ofishin rajistar filaye, saboda haka ba a daɗe da tarewa wasiƙa za ta shigo ta ƙofa: mun duba gidanka, an caje ka fiye da ƙima, bari mu karɓo maka, in ba mu samo ba ba ka biyan ko sisi. Da su cike takarda, sai ga kuɗi sun shigo asusu cikin 'yan makonni. Mai gida ya ɗauka hukuma ta amince. Ba ta amince ba. Tsarin HMRC shi ne ta fara biya, ta bincika daga baya. Tana da watanni tara ta buɗe bincike, in kuma ta gano an yi sakaci za ta iya komawa baya har shekara shida, in da gangan ne har shekara 20. Ranar da ta ce a dawo da kuɗi, wuyan mai gida za ta kama, da kuɗin ruwa a kai, wataƙila da tara, wadda ke kaiwa kashi 30 na harajin in sakaci ne, ta kuma fi haka in an tabbatar da ganganci. Wakilin ya riga ya cire kasonsa, wani lokaci ma kamfanin ya rufe. Ba duka masu wannan aiki ne 'yan damfara ba, akwai ƙwararrun da ke gaya wa mutum gaskiya cewa ƙararsa ba za ta kai ko'ina ba. Amma wanda cinsa ya dogara ga a shigar da takarda, da wuya ya ce maka kada ka shigar.

Irin wannan kasuwa ce ta kashe wani rangwame da ake yi wa mai sayen gidaje fiye da ɗaya a ciniki guda, wanda mutane suka riƙa nema da sunan ɗakin baƙi ko ɗakin kaka da ke jikin gida wai gida ne na biyu. Jeremy Hunt, ministan kuɗi na lokacin, ya soke shi daga 1 ga Yuni 2024. Haka ma masu cewa gidan da suka saya kango ne, ba ya zaunuwa, don haka ba wurin zama ba ne. Wani kamfani ya taɓa cin irin wannan ƙara a 2019 a kan wani rusasshen gida mai cike da sinadarin asbestos mai cutar da lafiya, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bayyana a 2025 cewa gidan da ke buƙatar gyaran wayoyi da famfo da tagogi gida ne har yanzu.

Ita kuwa dokar duka-ko-babu tana nan daram. Gwamnati ta nemi jin ra'ayin jama'a a ƙarshen 2021 kan ko a koma raba kuɗin, gida da nasa gona da nata, ko a sa ƙa'idar cewa sai ɓangaren kasuwanci ya kai wani kaso kafin a sauya jadawali. A 2024 ta ce ta bar abin yadda yake. Ni dai ina ganin rabawar ta fi adalci, ko da za ta jawo gardama a kan ƙiyasin farashi, domin gardamar nawa fili ya kai ta fi sauƙin warwarewa a kan gardamar ko ana hango shi ta tagar kicin.

Akwai kuma abin da ke biyo baya wanda mai murnar rage haraji ba ya tunawa. In ka rantse wa hukuma yau cewa filin nan ba harabar gidanka ba ne, ranar da za ka sayar, ribar da aka samu a kan gidan zama da harabarsa ce ake yafe wa haraji, kuma zai yi wuya ka dawo ka ce filin haraba ne. Bankin da ya ba ka bashin gidan zama ma yana iya ƙin yarda da haya ko sana'a a kan ƙasar da ya riƙe jingina. Ƙasar noma kuma ba a mayar da ita lambu haka kawai, sai da izinin ƙaramar hukuma, ko da kai ka saya da kuɗinka.

Wanda ke da fili na gaske, mai aikinsa na kansa, haƙƙinsa ne ya biya a jadawali na biyu, kuma lokacin tabbatar da hakan shi ne kafin a sa hannu, lokacin da mai sayarwa ke ɗaukar waya da fara'a. A nemi kwafin yarjejeniyar kiwo ko haya da ranar da aka fara ta, da shaidar biyan kuɗin hayar ta banki na shekarun baya, da takardun tallafin noma in ana karɓa a kan filin, da taswirar rajista da ke nuna ko takardar mallaka ɗaya ce ko biyu. A ɗauki hotunan shinge da ƙofa da dabbobin a ranar karɓar makulli, a ajiye tallar dillali ko da ba ta yi daɗin karantawa ba. Lauyan da ke aikin takardun gida sau da yawa zai faɗa maka a rubuce cewa shi ba ya ba da shawarar haraji, don haka in kuɗin da ke tsakani sun kai dubbai masu yawa, a biya ƙwararren haraji kuɗin aikinsa kai tsaye ya rubuta ra'ayinsa. Wanda ya riga ya biya kuma yana ganin an yi kuskure, yana da wata 12 daga ranar ƙarshe ta miƙa takarda ya gyara ta, bayan nan kuma akwai wata ƙofar neman a mayar da rarar kuɗi, wadda ke rufewa shekara huɗu daga ranar ciniki.